Kyamarar da Ba Ta Sallama

Shekara talatin da huɗu ban taɓa kiran sunan ɗan farina ba, ban taɓa ɗaga ido na dube shi a gaban mutane ba. Duk Lausu an san Barira da kunya. Rana ɗaya Mika'ilu mai hoto ya zubar min da ita a ƙasa.

Tsohuwar kyamararsa tana da ladabi. Sai ya tsaya a gaban mutum, ya goge ta da bakin riga, ya ƙirga uku, kafin nan an gyara mayafi an ɗaure fuska. To ranar sunan jikata sai ga shi da wata mai dogon baki, wai gwaji aka ba shi a wani shago a Kano, in ta yi masa ya saya. Ba ƙara, ba walƙiya. Yana can gindin darbejiya, ni ina bakin murhu, wancan yaron nawa na fari ya shigo cikin farar babbar riga zai gaida mata. Ban san an yi komai ba.

Kwana uku sai ga hoto yana yawo a wayoyi. Ni ce, muciya a hannu, baki har kunne, ido a kansa kamar zan haɗiye shi. Huseina maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, wai ashe haƙorana suna nan. Fanta mai nono ta sauke ƙwarya ta ce ko saniya ba ta lasar maraƙinta haka.

Na ja mayafi sai ƙofar mai unguwa, Malam Shitu. Na ce abu biyu nake so, a goge hoton, a mayar da wannan munafukar kyamarar inda aka ɗauko ta. Aka kira Mika'ilu. Ya durƙusa yana ta Inna ki yi haƙuri, wai bai ma yanke shawarar saye ba, amma batirin tsohuwar ba ya kai azahar, amare duk sun koma wajen masu hoton Rano. Ya ma kawo hoton da ya wanke a takarda, marar kunya.

Malam Shitu ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, gemunsa yana rawa.

“To Barira, wa kike kallo a nan? Faɗi sunansa, in san ƙarar da nake saurara.”

Ya san ba zan faɗa ba. Tsohon banza, tare muka yi wasan ƙasa.

“Akuya nake kallo,” na ce. “Tana bayansa, za ta kifar da kunu.”

Mika'ilu ya latsa kyamarar, hoton ya buɗe har ana ganin tsagar bango. Babu akuya. Malam Shitu ya ce shi ya yarda da ni, dattijuwa ba ta ƙarya, kuma tunda kallon akuya ba abin kunya ba ne, babu ƙara ke nan. Abin da ya ɗora wa Mika'ilu kawai, in ya saya, ya riƙa sallama kafin ya ɗauki mutum.

Washegari Mika'ilu ya saye ta.

Na takardar dai na fizge shi a wurin, na ce ƙona shi zan yi da hannuna. Mako uku ke nan yana ƙasan kwallata. Kullum in na tuna, sai in tarar wutar ta riga ta mutu.