Baba Yana Neman Inna a Ɗawafi

Ranar da yayana Sunusi ya koma Sakkwato da aiki, ranar Babanmu ya ce a daina biyan kuɗin dikodar gidanmu na Argungu. Dama don ƙwallo Sunusi ya sa ta. Baba kuwa har gobe bai gane abin da zai sa ƙartai ishirin da biyu su bi abu ɗaya da gudu ba, alhali ga shinkafa tana jiran yanka a fadama. Wata ya ƙare, allo ya koma shuɗi, Inna ta samo tsohon mayafi ta lulluɓe talabijin ɗin. Haka ya zauna wata bakwai, babu wanda ya yi kewarsa.

Sai kujerar Makka ta fito. Mu 'ya'ya muka haɗa ƙarfi, guda ɗaya ta samu, Baba ya ce Inna za ta fara zuwa, kuma bai bar ƙofar gardama ba. Shekara arba'in da huɗu suna tare, ba su taɓa raba gari na kwana uku ba. Abin da ke cin ransa, wanda bai faɗa wa kowa ba amma duk mun sani, shi ne gwiwar Inna ta hagu. Ta shekara uku tana damunta, ita kuma mace ce da ba ta san ta ce wayyo ba.

A filin jirgin Ambursa, da za su shiga, ta ga fuskarsa ta ƙi sakuwa, sai ta ja shi da wasa.

"Malam, mi na na ɓata rai? Kullum bayan la'asar ina ɗawahi. Ka duba ni cikin talabijin."

Mu muka yi dariya. Shi bai yi ba, ashe ya ƙulle maganar a bakin riga.

Kwana biyu da tashinsu, ina shara da safe a gidana na Nasarawa a Birnin Kebbi, sai ga sallamarsa. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ranar Talata, ga tsohuwar dikodar a cikin buhun taki.

"Hiddausi, tashi ki raka ni kasuwa. An ce akwai wadda ka nuna Makka ba a biyan wata, kuma tana riƙe hoto."

Na ce, "Baba, ai jiya ma ta bugo waya, ta ce lafiya lau take."

"Innarku ko kada na cin ƙahwatta, lahiya lau za ta ce. Ni tahiyatta nika son gani."

Na ajiye tsintsiya na ɗauko hijabi.

Shagon da aka kwatanta mana na wani ne mai suna Maliki, mutum mai tumbi da fara'a, irin 'yan kasuwar da ke fara yabon kaya tun kafin ka zauna. Ya kalli dikodarmu ya ce wannan ta kamfani ce, in ba a biya ba ko gaisuwa ba ta amsawa. Abin da muke nema risiba ce ta kyauta, mai wurin soka filash don ɗaukar shiri. Ya sauko da kwalaye uku ya jera a kan tebur.

Ta farko, in ji shi, tana kamo tasha sama da dubu, har da ta kokawa da ta namun daji. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Yaro, tasha guda nika so." Maliki har jikoki gare shi, amma ya amsa sunan yaron da hannu biyu. Da aka bincika ma, ta farkon ba ta ɗaukar komai, kallo kawai. Aka mayar da ita kwali.

Ta biyu ita ce abin alfaharin shagon, baƙa siririya mai sheƙi. Maliki ya jona ta, ya kamo tashar Harami, sai ga Ka'aba da jama'a suna zagayawa fari fat. Baba ya gyara hula, ya yi salati a hankali. Aka ɗauki minti biyu, aka dawo baya.

"Tsai da shi," in ji Baba.

Hoto ya tsaya cak. Amma wani faffaɗan layi mai rubutu ya fito a ƙasan allon, ya zauna daram.

"Ɗebe wanga abu."

"Ba ya fita, Baba, in dai an tsayar. Haka suka yi ta."

"To ta ruhe ƙahwahun mutane. Ni ko ƙahwa nika biɗa."

Maliki ya kalle ni, na kawar da kai don dariya ta taso mini. Na yi masa bayani a taƙaice. Daga nan mutumin ya daina talla. Ya ture ta biyun gefe, ya buɗe kwali na uku, wanda ƙura ta hau. Wata ce mai kauri, tsohon yayi, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Amma in ka tsayar da hoto layin yana ɓacewa, tana tafiya sannu-sannu in ka so, kuma akwai maɓallin da ke jawo wuri kusa. Baba ya sa aka jawo masa wani tsoho mai sanda, ya bi takunsa ɗaya bayan ɗaya har ya fita daga allon.

"Wagga ta," ya ce.

Da aka zo saita lokacin da za ta riƙa ɗauka da kanta, Maliki ya tambayi ƙarfe nawa. Baba ya ce bayan la'asar, ƙarfe huɗu ke nan.

"La'asar ɗinsu ko tamu? Sun riga mu da awa biyu. Lokacin da kuke shirin azahar a Argungu, su suna la'asar."

Baba ya hau lissafi da yatsu. Da an bar mu da kanmu, da mun share kwanaki muna neman Inna a lokacin da take masauki tana jiƙa gari. Maliki ya saita daga ɗaya da rabi zuwa huɗu. Washegari da kansa ya biyo mu Argungu, ya hau rufi ya juya dish ɗin gabas, ya jona komai a kan 'yar solar gidan. Inna ba ta nan balle ta cika shi da fura, sai ni na dama, ya sha ya ce ba laifi, wanda na san ma'anarsa.

Makarantarmu tana dogon hutu, don haka na zauna ina yi wa Baba girki. Damina ce, gulbi ya cika, abokansa masunta suna ta aiko masa ya fito, ya ce yana da aiki. Aikin kuwa shi ne, in ya dawo daga la'asar, ya jawo kujera 'yar tsugunno gaban talabijin, ni kuma in riƙe rimot. Baba masunci ne tun yana ɗan shekara tara, mutumin da ke kallon fuskar ruwa ya faɗa maka kifin da ke ƙasa. Da wannan idon ya shiga taron mutum dubu ɗari. Duk inda ya hango atamfar alhazan Najeriya sai ya ce in tsaya, in jawo, in tafi sannu. Wannan ta cika tsawo. Waccan tana jefa ƙafar dama. Wata kuma ya ce tafiyarta ta 'yan birni ce.

Lokaci-lokaci kyamara takan hau benen sama, inda ake tura marasa ƙarfi a kan keke. Da ta hau sai ya ɗaga hannu. "Wuce nan. Na masu keke na."

A rana ta biyar Hajiya Maimuna ta kira ni, maƙwabciyarmu da suka tafi tare da Inna. Na shiga madafa na amsa. Ta ce tun kwana na uku gwiwar Inna ta ƙi ɗaukarta, a tsakiyar ɗawafi ta durƙushe. Likitan alhazai ya duba, ya ce ba karaya, amma kada ta sake takawa da nisa. Yanzu a keke take, ita Maimuna ke tura ta a benen sama. Sai na ji an karɓe wayar.

"Hiddausi," muryar Inna ce, "in kin gaya mai, ba ni yahe miki ba. Shi yab bar min kujeratai. Ba ni son shi ji a zamne niy yi ta."

Na ce to. Na tsaya a madafar har albasar da na ɗora ta ƙone.

Kwana huɗun da suka biyo baya ban taɓa jin nauyin abu kamar rimot ɗin nan ba. Kullum Baba yana tsefe ƙasa, kullum yana cewa in wuce sama, ni kuma ina wucewa da hannuna. Da magariba in Inna ta bugo waya, ya ce, "Yau ma ba mu gan ki ba," ta ce, "Mutane na da yawa, Malam." Ya fara rage tuwo. Rannan na same shi zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, bai ja ko ɗaya ba.

"Hiddausi, wadda ka ɗawahi kullum, kwana tara, ko sau guda ai a gane ta. Ina jin kwance take asibiti suna ɓoye min."

Nan na gane ɓoyon ya fi gaskiyar cutar da shi. Na ji haushin Inna, na ji tausayinta, na ji haushin kaina da na amsa mata da to.

Da la'asar muka zauna kamar kullum. Kyamara ta zagaya ƙasa, ta hau sama. Ya ɗaga hannu.

"Wuce."

Ban wuce ba. Na danna sannu-sannu.

"Baba, mu duba nan ma."

Ya juyo ya kalle ni. Ni dai allo nake kallo, amma ina jin idonsa a gefen fuskata, har na ƙirga kekuna shida sun wuce. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban karya alkawari da baki ba. Ya sa hannu biyu ya jawo kujerarsa gaba.

Ba mu same ta ranar ba, haka washegari. Ya sa muka koma kan na kwanakin baya da ke cikin filash ɗin, duk wuraren da ya ce a wuce. A na ranar Lahadi, wajen ƙarfe uku saura, kyamara ta bi layin kekuna a hankali. Ga wata mace mai jiki tana turi da ƙarfinta, ga wadda ke zaune cikin atamfar alhazai. Na jawo su kusa har hoton ya dushe, fuska ba ta fita sam. Amma ta karkata dama, ta miƙe ƙafar hagu, ta dafa gwiwar da tafin hannu. Haka take zama a bakin murhu shekara uku.

"Ita ta," in ji Baba.

Ya kai yatsa ya taɓa gilashin, daidai kan gwiwar. Ya daɗe a haka. Ni na yi kukana a cikin hijabi, ba tare da sauti ba, don kada in katse shi.

Da ta bugo da magariba, ya karɓi wayar ya sa a kunne, amma tsohuwar wayar tana da ƙara, ina jin komai.

"Mun gan ki yau."

A hankali ta ce, "Ina?"

"Bisa. Ki ce ma Maimuna ta rage sauri, ba kasuwa za ku ba."

Na ji Inna ta ja numfashi, sai kuka ya ƙwace mata. Tana cewa ya yafe mata, ya ba ta kujerarsa ta je ta yi a zaune. Ya bari ta gama.

"Ke, ni na aike ki tsere? Zuwa nic ce ki yi, kuma kin tai. Na gan ki gaban Ɗaki da idona. Ki zamna abinki, ki roƙa muna."

Daren nan ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Da hantsi ina wanke-wanke na ji bugu daga tsakar gida. Na leƙo, sai ga Baba ya tuɓe riga, ya ɗauko guduma, yana farfasa matakalar siminti da ke ƙofar ɗakin Inna. Ya riga ya ci rabi, gumi yana bin gemunsa. Na ce ya bari a kira magini, ya ce magini bai san inda take dafawa ba. Ya share ɓaraguzan gefe da ƙafa, ya buɗe hannuwa ya gwada faɗin ƙofar, ya tsaya yana kallonta, ya sake gwadawa.

"Hiddausi, kunna min wurin nan na jiya," ya ce. "Ki tsai da shi, in ga hwaɗin keken."