Matakalar Ɓangaren Mata

A garinmu, can cikin gonakin Manitoba, babu ginin da ya kai tsohuwar makarantar horon malamai tsayi. Jan bulo ne, hawa uku, da hasumiyar ƙararrawa a tsakiya. An rufe ta tun kafin a haife ni. Bara majalisar gari ta ce za ta rushe ta a yi wurin ajiye motoci, sai fa idan an sa ta cikin gine-ginen tarihi. Aka ce wata mata za ta zo daga Winnipeg ranar Alhamis ta duba.

Kakata Zenovia a nan ta yi karatu. Shekararta tamanin da shida. Ta ce ranar da aka rushe ginin nan, a haƙa mata rami kusa.

Ƙofa biyu gare shi, matakala biyu. Ta maza kamar jiya aka kafa ta, don maza ba su cika koyon malanta ba. Ta mata kuwa, ƙafafu sun cinye tsakiyar kowane katako har ya lotsa kamar akushi. Mu kuma mutanenmu, idan baƙo zai zo, ko akurkin kaji sai ya sha fenti. Kaka ta dubi matakalar, ta ce ba za a nuna wa 'yar birni wannan abin kunya ba.

Na gama sakandare, ina zaman banza, sai ɗan aikin kafinta da na koya wurin Kawu Myron. Na ce ni zan gyara ta. Kwana biyu na ɓamɓare katako goma sha huɗu, na kafa sababbi, na goge su har suna ƙyalli. Ban cika jin daɗin abu ba. Wannan na ji.

Matar Winnipeg ɗin, Madam Beaulieu, ta iso da safe da ƙaramin littafinta. Ta shafa bulo, ta hau hasumiya. Ta nuna mana yadda tagogin kowane aji suke gefen hagu kawai, don kada inuwar hannu ta rufe rubutu. Kaka ta ce ai ta sani, ba yau ta fara zama a ajin ba. Daga nan matar ta ce a kai ta ga abin da ya kawo ta. Wai irin wannan gini akwai da dama a lardi, amma matakalar da sawun 'yan mata na shekara sittin ya ci, nan kaɗai ta rage.

Muka kai ta. Ta daɗe tana kallo.

"Aikin wa?"

Kaka ta nuna ni da sandarta. "Orest ne. Yaran yanzu ba sa shawara."

Kawu Myron ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Matar ta tambayi inda tsofaffin katakan suke. Da a wani gari ne da sun tafi juji, amma mu ba ma zubar da katako. Kaka ta riga ta raba su. Madam Beaulieu ta ce motarta ƙarfe huɗu za ta tashi, kuma abin da ta gani shi za ta rubuta.

Muka bi gida gida da motar Kawu, muna neman su don mu mayar da su. Uku a lambun Kaka, an shimfiɗa su kan taɓo. Biyu sun zama kantar gwangwanin kokwamba. Ɗaya kare na kwance a kai, ya ƙi tashi sai da aka ba shi nama. Goma sha uku muka samu. Na sha huɗun, maƙwabcinmu ya riga ya ƙona shi wajen ƙyafa kifi.

Sai wata matsala: ban sa musu lamba ba.

"Kai dai kanka kamar kabewa," in ji Kaka. "Jera su a ƙasa."

Ta cire takalmi, ta riƙe hannuna, ta dinga takawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan na farko ne, ya fi lotsawa. Wannan na inda matakala ta lanƙwasa ne, gefe guda ya ci. Wannan na tara ne, inda ake tsayawa a gyara gashi kafin shugabar makaranta ta hango mutum. Duk wanda ta faɗa, ramin ƙusarsa sai ya dace. Sau ɗaya ta yi kuskure, ta ce laifin kare ne.

Ƙarfe uku da rabi na buga ƙusar ƙarshe. Madam Beaulieu ta hau, ta sauko, ta sake hawa. Ta ce za ta rubuta a bar ginin. Sabon katakon guda kuma ya zauna, amma a ƙa'idarsu duk abin da aka sauya sai an rubuta rana da sunan wanda ya sauya. Ta tambayi yadda ake rubuta sunana.

Kaka tana sa takalmi ta ce, "Rubuta da kyau, 'yata. Ta nan kaɗai zai shiga makarantar malamai."