Safiyanomiks

Ƙanena Abdussalam ya dawo hutu daga kwaleji a shekarar da fari ya haɗu da ostariti, wato tsuke bakin aljihun gwamnati, kuma bai zo mana da komai ba sai baki. Shi da abokansa sun koyo wata sana'ar banza, su ɗauki kalma su liƙa mata wutsiyar Turanci su yi ta ƙyaƙyata dariya. Yunwa ta koma yunwashan. Mai yawan ci kuwa, wai digiri ya yi a tuwoloji. Ba zan ɓoye ba, da farko har mu ma mukan murmusa.

A ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta, muna ciyayya da maƙwabciyarmu Inna Safiyatu tun mijinta na da rai. Kullum da magariba kwanonta ya shigo gidanmu a rufe, namu ya tafi nata. Da rayuwa ta yi tsanani, abin da ke cikin nata ya koma dafaffiyar tafasa zalla, ko ƙuli babu. Innarmu takan karɓa ta ce, "Allah sarki, yau ma Safiyatu ta tuna da mu," ta malmala tuwo a mayar. Da wannan tuwon marayunta ke kwana. Kowa ya sani, ba kuma wanda ya taɓa buɗe baki, don ciyayya ba sadaka ba ce.

Sai ga ɗan boko. Ran nan ya tare kwanon a zaure, ya buɗe gaban abokansa, ya ɗago ganyen da yatsa biyu.

"Jama'a, ga sabon ilimin tattalin arziki," in ji shi. "Ka kai ganye, ka karɓo tuwo. Sunansa Safiyanomiks!"

Kafin ka ce kwabo kalmar ta zaga gari. Yara suna rera ta a bakin rijiya. Ranar kasuwa da kunnena na ji mai gyaɗa yana ce wa wanda ya taya masa da arha, "Kai, kar ka yi mini Safiyanomiks." Raina ya ɓaci. Ina dawowa na same shi yana goge takalmi.

"Kai wane irin marar ta ido ne? Matar da ta goya ka?"

"Haba Yaya, wasa ne fa. Turawa ma haka suke ƙirƙiro kalmomi, shi ya sa yarensu ya ci gaba."

"Da yunwar maƙwabtansu suke ƙirƙirowa?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da gugarsa. Wallahi ba don Innarmu ta riƙe ni ba, da ya sha muciya.

Daga ranar kwanon bai sake shigowa ba. Innarmu ta aika da tuwo duk da haka, aka dawo da shi ba a taɓa ba, wai an gode, sun ƙoshi. Ta je da kanta ta ba da haƙuri, aka ce mata ba komai. Mu kuwa ta kan katanga muna jiyo kukan autar Inna Safiyatu.

Ana haka, wata magariba hadarin farko ya fara haɗowa daga gabas, sai ga Inna Safiyatu da kanta, kwano a hannu. Ta wuce mu, ta dire shi gaban Abdussalam, ta buɗe. Tuwon gero ne, mai zafi, da miyar kuka.

"Ga naka, malam. Yau ba ganye ba ne."

Sakaran har da washe baki. Ya dube ni ya ce, "Kin gani ko? Ashe akwai." Ya wanke hannu ya kai loma.

Innarmu ce ta miƙe tsaye. "Safiyatu, ina kika samo gero?"

"Na iri ne, Yaya. Shi na sauke na daka."

Loma ta tsaya masa a baki. Inna Safiyatu ta gyara mayafinta ta ce, "Ka cinye, ɗana. Gonar marayu ce ta bana."