Babu Mai Jan Hannunta

Alhaji Zarami ya dawo Azare a shekarar da sojoji suka komo daga yaƙin Bama, bayan ya shekara goma sha shida a gabas. Da ƙafa ya tafi yana saurayi, ya sauke farali, a hanyar dawowa guzuri ya ƙare masa a Sudan. Ya tsaya tsinkar auduga a wani ƙauye kusa da Madani, wai na kaka ɗaya, sai ga furfura ta fara leƙowa a gemunsa yana nan. Da ya tashi komowa gida kuwa bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da mata 'yar mutanen can, doguwa, fara, mai suna Asma'u, da jariri ɗan wata biyar a kafaɗarta.

Wata huɗu suka yi a hanya, wani wuri a bayan babbar mota, wani wuri a kan jaki, kuma duk tsawon tafiyar nan Zarami malami ya zama. Shi dai ya san wuyar baƙunta, don ya sha dariya a hannun Larabawa kafin ya gane kansu, bai kuwa so matarsa ta sha irinta ba. Ya koya mata durƙusawa in za ta gaida babba, da yadda ake jan gaisuwa har a tambayi gida da gajiya da dabbobi kafin a faɗi abin da ya kawo mutum. Ya ce kada ta kira sunansa, kada ta kalli tsoho ido cikin ido, kada ta miƙa wa namiji hannu, kada ta ci abinci a gaban surukai ko yunwa za ta kashe ta. A Abashe ya sayi zane ya nuna mata goyo, yana kwatantawa da buhun gero, matan zango suna ta ƙyaƙyata masa dariya. Asma'u mace ce mai kai, abin da aka faɗa mata sau ɗaya ya zauna.

Abu ɗaya ne bai gaya mata ba, kuma ba mantuwa ya yi ba. A danginsu na wajen uba, Fulanin Udubo, ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Da an yaye shi, sai babbar gwaggo ta ɗauke shi riƙo. Shi kansa haka aka yi masa, bai san ɗakin mahaifiyarsa ba sai da ya iya kiwon maruƙa. Wadda ta riƙe shi ɗin, Goggo, ƙanwar mahaifinsa, tana nan da ranta, kuma ya san tun ran da labarin haihuwar ya iske ta ta fara gyara shimfiɗa. Ya ce zai faɗa wa Asma'u a Fashar. Da suka kai Fashar ya ga ta gaji, ya ce sai Abashe. A Yerwa ya buɗe baki ke nan ya tarar tana yi wa yaron waƙa da harshensu, sai ya tambaye ta ko akwai sauran ruwa a salka. Gaskiyar magana tsoro yake ji, don ya san da ta ji wannan tun a gidan ubanta, da ba ta tako ƙasar nan ba.

Matan unguwa suka sa mata Baturiya saboda farinta, suka kuma sa mata ido. Gaisuwarta ba laifi, tuwonta ma da dama-dama. Inda ta ba su mamaki wajen yaron ne. A tsakar gida, gaban kowa, sai ta ɗaga shi sama ta sumbace shi, tana kiran sunansa na yanka, Usman, da ƙarfi, ga shi kuwa sunan marigayi surukinta ne, abin da ya sa dangi ke ce masa Babayo. Mata suka riƙe baki. Ɗan fari fa! Wanda uwa ke kawar da kai in ya yi kuka a cikin mutane! Kafin mako ya zagayo maganar ta kai masallaci.

Zarami ya zaunar da ita ya ƙara darasi. Ya ce a nan uwa ba ta nuna son ɗan fari, ba ta kiran sunansa, in dole ne sai ta ce yaron nan. Ta dube shi ta ce, «To in yana so ya san uwarsa na son sa fa?» Ya ce ai zai sani. Daga ranar ba a sake jin sunan a tsakar gida ba, sai dai in sun shiga ɗaki ta saki asabari.

Yaro ya cika wata ashirin da ɗaya, sai ga saƙo daga Udubo, Goggo na tafe jibi. Babu sauran gobe. Zarami ya same ta da hantsi tana tankaɗe, ya tsuguna, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da ita.

Ta ajiye rariyar. «Kwana nawa zai yi?»

«Sai ya manta da nono.»

«In ya manta da nono sai a dawo min da shi?»

Nan ne ya kamata ya faɗi gaskiya, nan ne kuma ya kauce. «Ya danganta da ke,» in ji shi. «In kika yi kuka, kika riƙe shi, Goggo za ta ce ba ki da kunya, ba ki isa ki tarbiyyantar da ɗan gidanmu ba, shi ke nan kin rasa shi. In kuwa ta ga kin zama kamar 'ya'yanmu, zuciyarta za ta yi sanyi. Ko tambayarki aka yi, ki ce me za ki yi da shi.»

«In ce me zan yi da ɗana, Alhaji?»

«Haka kowace mace ke cewa.»

Ba za a ce ƙarya ya shirga ba, don shi ma ya so ya yarda da abin da ya faɗa. Amma ya san Goggo.

Ta zo a kan takarkari, 'yar tsohuwa busasshiya mai kaifin ido, da ƙwaryar fura da man shanu. Ba muguwa ba ce, ta ga yaron sai da ta yi hawaye, ta ce goshin yayanta ne sak. Washegari da ta goya shi, ya juyo yana miƙa hannu yana tsala ihu, matan da suka cika gidan suka zuba wa Asma'u ido. Wata ta ce, «Baturiya, ba za ki yi masa sallama ba?»

Asma'u ta ci gaba da tsintar wake a faifai. Da Hausarta mai nauyi ta ce, «Me zan yi da shi?»

Aka kwashe da shewa. Goggo ta gyaɗa kai ta ce ashe baƙuwar tana jin magana. Zarami na tsaye a zaure yana jin kukan yaron har ya ɓace a bayan rumbuna, ya ce a ransa mai wuyar ta wuce.

Wata bakwai Asma'u ba ta tambayi kowa labarin Udubo ba. Shi kaɗai take tambaya, kuma ba da baki ba, in ya shigo sai ta dubi bayansa ko da wani biye. Ya je sau biyu, ya dawo ya ce yaro ya yi ƙiba, yana bin 'yan maruƙa, har ya fara Fulatanci. Bai taɓa yi wa Goggo zancen dawo da shi ba. Sau ɗaya ya ɗauko hanyar maganar, ta ɗago ido ta dube shi, ya ji ya koma ɗan shekara shida, sai ya yabi nonon da ta dama masa. Asma'u ta rame, ta daina waƙa, amma kullum wankinta fes, gaisuwarta cikakkiya. Tana jiran ladan kunyarta.

Bayan kaka ya yi lodin ƙiraga zuwa Nguru, inda jirgin ƙasa yake. Kwana goma sha biyu ya yi. Ran da ya dawo, tun daga bakin lungu ya hango tabarmi a ƙofar gidansa da dattawa zaune. Liman ya taso ya kama hannunsa. Ƙyanda ce ta shiga Udubo, ta ɗauki yara tara. An binne Babayo kwana huɗu da suka wuce, labari ya iso shekaranjiya.

Ya zauna ya karɓi gaisuwa har la'asar, yana amsa «Allah Ya ba da lada» kamar ba daga bakinsa take fitowa ba. Da mutane suka ragu ya shiga soron ciki, sai ya iske Yakaka, tsohuwar Babarbariya da ke maƙwabtaka da su, ta tare hanya. Ita ta ga tasowarsa, don haka ba ta tauna masa magana.

«Zauna, Zarami, ka ji abin da aka yi a bayanka.»

Ta ce ran kasuwa Goggo ta aiko wata mai suna Jumai takanas, da jaki biyu, ta ce jikin yaro ya yi zafi, a zo da uwarsa. Kwana biyar ke nan kafin rasuwar, tafiyar kuwa ta kwana biyu ce. Mata suka taru. Jumai ta faɗi saƙo, Asma'u ta sunkuyar da kai ta ce me za ta je ta yi. Aka sake faɗa mata, ta sake cewa haka. Aka faɗa na uku, ta tashi ta shiga ɗaki. Jumai ta kwana, da safe ta kora jakunanta ta koma.

«Ai haka ake yi,» in ji Zarami. «Haka na ga ana yi.»

«Haka ka ga ana yi daga zaure!» Yakaka ta buga sandarta a ƙasa. «Wace uwa ce ka taɓa ji an ce ɗanta na kwance ta zauna? Da baki take ƙi. Tana cikin ƙin sai innarta ko yayarta ta tashi ta zazzage ta, ta yafa mata mayafi, ta ja hannunta har kan jaki, ita kuwa tana tirjewar ƙarya. Ta fita kunya, ta kuma ga ɗanta. Kana tsammanin uwarka ba ta zuwa Udubo? Duk wata sai ta ƙirƙiro biki ko dubiya, kakarka ta raka ta, ta ɗauke ka a bayan ɗaki ta shinshina ka ta ajiye. Ba ka sani ba don ba a gaya wa maza.»



«Mu kuma muka zauna kamar gumaka,» ta ci gaba, yanzu a hankali, «kowa na jiran danginta su ja ta. Wallahi sai da jakunan suka yi nisa na tuna ba ta da kowa a ƙasar nan. Na je na same ta, na ce tashi in kai ki. Ta ce a'a, Alhaji ya ce in ta nuna tana so ba za a dawo mata da shi ba. Na ga ta faɗa da gaske, ga ta baƙuwa, ban san inda zan kama ba, na ƙyale ta. Da 'yar cikina ce da mari zan fitar da ita. Wannan alhakin ina da kaso a ciki, amma kai ka fi ni. Ka koya mata ƙi, ba ka samo mata mai jan hannu ba.»

Baƙin ciki ya cika wa Zarami ƙirji, da kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ba irin wadda ya yi ta wa'azinta ba.

A tsakar gida mata na zaune jugum-jugum, ana rabon gumba. Yana wucewa ya ji wata na ce wa 'yar'uwarta ƙasa-ƙasa, «Ke dai Baturiya ta burge ni. Kwana biyu ko ɗigon hawaye. Ko 'yar Fulanin asali sai haka.» Ɗayar ta ce ai ta zama 'yar gari.

Ya ɗaga asabari ya shiga. Tana zaune a bakin gado, hannuwanta a kan cinya, idanunta a bushe ƙamas. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Ya tsuguna a gabanta, abin da bai taɓa yi wa mace ba, ya nemi kalmar da zai fara da ita a Hausa ya rasa, ya nema a Larabci ya rasa.

Ita ta fara magana, a natse, kamar mai tambayar yadda ake dafa wata miya.

«Alhaji, na yi duk yadda ka ce. Ban kira sunansa ba, ban tambaya ba, ban je ba. Tun shekaranjiya nake jiran ka dawo, don kada in yi abin da zai ba ka kunya, kuma babu wanda zan tambaya.» Ta ɗago ta dube shi. «A garinku, in ɗan fari ya mutu, uwarsa tana yin kuka?»

Zarami ya buɗe baki, sai ya tarar shi ma bai sani ba.