Ranar da Rediyo Ya Kashe Namusisi

A ƙauyenmu na gefen garin Masaka, a yankin Buganda na ƙasar Uganda, mutum bai mutu ba sai rediyo ya faɗa. In kuwa ya faɗa, ko kana tsaye kana atishawa, ka mutu.

Maƙwabciyata Namusisi ta sume da hantsi tana cikin fere ayabar dafawa. Ɗanta Lubega, sarkin gaggawa, ya taɓa ƙafarta ya ji sanyi. Bai tambayi kowa ba ya haye babur sai gidan rediyo, wai kada sanarwar rasuwa ta tsakar rana ta wuce shi. Kafin ya dawo, tsohuwa ta farfaɗo tana neman shayi.

"Mama, bari in koma su gyara," in ji shi, gumi na keto masa.

"Zauna, shashasha. Tunda ka kashe ni, bar ni in ga masu zuwa."

Na san wadda take jira. 'Yarta Perusi ta tafi Kampala da fushi shekaru da yawa, a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba. Ko wayarta ba ta ɗauka.

Masu ta'aziyya suka yi ta shigowa da kuka suna fita da gudu. Wata ma ta tsaya a bakin ƙofa tana musu: "Ni fa da kunnena na ji!" Namusisi ko a jikinta, idonta na kan hanya. Har yamma babu Perusi, abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Sai a shirin gaishe-gaishe na rediyo muka ji muryar Perusi tana kuka. Ta ce ita ce mai laifi, kunya ce ta hana ta komawa gida, kuma ba ta da ƙarfin zuciyar da za ta je ta kalli gawar uwar da ta wulaƙanta.

Namusisi ta ajiye kofin shayi. "Lubega, kira mini su."

Layin a cushe yake. Ya kira, ya sake kira, ya ce a haƙura sai gobe. Ta harare shi, ya ci gaba, har aka ɗauka.

"Da wa muke magana?" in ji mai gabatar da shirin.

"Da marigayiyar. Perusi, na san kina ji. Kin faɗa wa duk ƙasar Buganda, ni kaɗai kika tsallake. Ki hau mota. Ba zan mutu ba sai kin zo kin faɗa mini a tsakar gidana."