Ɓawon Mangwaron Tela

Tela ya jingina sandarsa da keken ɗinki, ya ɗaga kai, sai ya ga an feɗe mangwaron.

Daga daidai gwiwa zuwa ƙirjin mutum babu ɓawo. Itace fari fat, wani wurin har ya soma baƙi. Yau ce fitowarsa ta farko tun da ciwon ciki ya kayar da shi. A wannan inuwa yake ɗinki tun yana da baƙin gashi. Ba shi da shago, bai kuma taɓa nema ba.

Bai tambayi kowa ba. Ya tsallake kwata ya nufi rumfar mai walda, wanda ya daɗe yana ƙorafin cewa rassan sun rufe masa allon talla.

"Kashe wutar nan ka dube ni."

Mai walda ya cire baƙin tabarau. "Baba Tela, sannu da jiki. An samu sauƙi?"

"Sauƙin da ba ka so ba. Ka jira na kwanta ka yi wa itacena tsirara. Ranar da na dasa shi ubanka ko wando bai iya ɗaurawa ba."

Mutane suka fara tsayawa. Mai walda ya dubi ƙasa.

"Baba, ni ƙarfe nake yankawa."

"To wa ya yanka wannan?"

"Ba na shiga maganar gidan mutane."

"Matsoraci," in ji Tela. Ya tofar da yawu ya juya.

A gindin itacen ya tarar da 'yarsa, malamar kimiyya a sakandare, ta biyo ta gaishe shi kafin ta wuce aiki. Tana durƙushe tana shafa raunin.

"Baba, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce."

"Ganye kore shar. Ɓawo zai sake tofowa."

"Ganyen zai ruɗe ka. Hanya biyu ce a jikin itace. Ta ciki tana hawa da ruwa daga saiwa, a Turance zailem ake ce mata. Ita ba a taɓa ta ba, shi ya sa ganye bai yi yaushi ba. Ta biyun siririya ce, tana manne da ɓawo, ita ke sauko da abinci daga ganye zuwa saiwa. Sunanta fulowem. Ita aka kwashe. Saiwa za ta yi ta aiko da ruwa tana jin yunwa, har ta mutu."

"Ban biya miki makaranta don ki raɗa wa gawa suna ba. Zai rayu ko ba zai rayu ba?"

Ta zagaya ta bayan itacen, inda ya kusa haɗuwa da katanga, ta zura hannu.

"Akwai saura a nan, faɗinsa kamar tafin hannu. Wuƙa ba ta kai ba. In aka bar wannan, zai iya. In aka cire, ka nemi shago."

Ya shiga gida yana huci, zai ɗauko hula ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. A tsakar gida matarsa na tace wani jan ruwa daga tukunya zuwa kofinsa. Wannan yake sha safe da yamma tun da ya kwanta. Kusa da murhu ga faranti, da ɓarɓashin ɓawo a kai. Ga wuƙar kicin, bakinta duk ƙaro.

Ya tsaya.

"Ke. Wannan daga ina?"

Ba ta ɗago ba. "Daga inda ka gani."

"Itacena?"

"Maganin asibiti ka ce ba za ka haɗiya ba, wai garin alli ne. Na kasuwa ka ce ba ka san hannun da ya haɗa ba. Kana murƙususu a tabarma kana kiran sunan uwarka. Me kake so in dafa maka, Malam? Keken ɗinki?"

"Shi ne kika kashe mini wurin sana'a."

"Itace dai na feɗe. Kai ga ka a tsaye, har da ƙarfin zagin maƙwabta. Tun daga nan nake jin ka." Ta miƙa masa kofin. "Wannan ne na ƙarshe. Saura ɗan na ɓangaren katanga, hannuna bai kai ba. Na ce mai walda ya ƙera mini doguwar wuƙa, ya ƙi."

Tela ya daɗe yana kallon kofin. Ya karɓa, ya shanye, ya kife kofin a ƙasa.

"Ina ƙwayoyin nan na asibiti?"

"Na allin?"

"Na ce ina suke."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko. Ya jefa su a aljihu, ya sa hula, ya fita.

Mai walda na ganinsa ya ajiye aiki ya miƙe. Masu kallon ɗazu ba su gama watsewa ba. Tela bai dubi kowa ba. Ya nuna mangwaron da sanda.

"Raga za ka yi masa, ta zagaye shi har ɓangaren katanga. Mai ƙarfi. Da kwaɗo."

"To, Baba. Makullin wa zan ba?"

"Ni," in ji Tela. Ya dubi allon tallan. "Reshen da ya rufe maka allo, ka sare shi. Guda ɗaya na ce."