Koren Amai

Jaririn Balki ya sha mama lafiya a kwanakin farko. Ana cikin shirin suna sai ya fara amai, kore shar kamar an kaɗa kuka.

Uwar mijinta, Inna A'i, ta ce nonon ne ya ɓaci. Ta sa Balki ta tatsa a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa ciki, yadda tsofaffin Garhanga suke gwadawa. Tururuwar ta yi ta shure-shure, ba ta fita ba. Aka raba yaron da mama, aka koma ba shi nonon akuya. Balki ba ta yi musu ba, don ita ma ta gani da idonta.

Nonon akuyar ma kore ya dawo. Cikin yaron ya kumbura, kukansa ya koma ƙasa-ƙasa. Balki, wadda ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba, ta shimfiɗa mata zanen da ya yi aman a kai.

"Inna, ita kuma akuyar mi ta yi?"

A'i ta daɗe tana kallon zanen. Ta aika gona a kira ɗanta Kalla, mijin Balki.

A asibitin gari majo, babban malamin jinya, ya duba zanen, ya taɓa cikin. Ya ce da alama hanji ne ya murɗe, koren nan ruwan matsarmama ne da ya rasa hanyar wucewa. Ya hana a ba shi kome ta baki, ya zura masa siririn tiyo ta hanci, ya kira ambilans zuwa Tawa.

A Tawa, bayan an yi wa yaron aiki, likita ta fito ta same su a baranda. Ta ce sun warware hanjin, amma wani yanki ya riga ya yi baƙi, dole suka yanke shi. A'i ta tambaya, da an zo tun aman farko fa? Likitar ta ce wataƙila da ba a yanke ba. Yanzu dai yana numfashi, sai a jira a gani.

Wayar Kalla ta yi ƙara. Wansa ne daga gida, yana tambaya ko a ɗage sunan. Kalla ya dubi uwarsa, ta sunkuyar da kai. Ya dubi Balki.

"A yanka ragon," in ji ta. "Ko mi ya hwaru, ya samu sunan da zan kira shi da shi."